Ranar da Kawu Ya Shiga Wasanmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya sa ya huta.

Ina Maradi labarin ya same ni, kafin kar, babbar motar haya, ta sauke ni Dakoro har an kai shi makwancinsa. Na tarar da rumfar ƙofar gida ta cika ta batse. Ga Fulani da Abzinawa daga wajen Tagriss, sun tsugunna gefe guda da rawunansu. Wani tsohon Bafillace ya kama hannuna ya ce, "Shekarar da ciwon huhu ya faɗa wa garkena shi ya cece ni. Amma sai da ya zage ni tas, har kakana bai bari ba." Yana faɗi yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Mahaucin unguwarmu, ƙato da shi, ya kasa ko amsa gaisuwa. Washegari kuma motoci suka fara isowa daga Yamai da Zinder da Tawa, maza da mata masu tabarau da jakunkuna, mutanen gari suna nuna su suna cewa, "'Yan teyatur ɗin marigayi ne." Tsofaffin ɗaliban sikoloji ne na jami'a, abokan karatuna da ƙannenmu na baya.

Amma ƙarƙashin duk wannan "ya haƙuri, ya haƙuri", akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa. Mutum zai shafa fatiha, ya kalli bakin zaure inda ɗan farin Kawu yake zaune, sannan ya raɗa wa na kusa da shi, "To shi wancan hwa?" Kowa ya san abin da ake nufi. Ɗan farin Kawu, taubashina, yana da taɓin hankali. An taɓa sa masa mari a ƙafa, ubansa ya sa aka cire, kuma yanzu uban ba ya nan. Ko za a mayar da shi cikin ƙarfe ko za a bar shi cikin mutane, wannan ita ce maganar da ta hana ni cin abinci a zaman makokin nan.

Kawu wan mahaifiyata ne. Malamin dabbobi ne har ya ajiye aiki, ya yi wa shanu da raƙuma allura tun daga Kornaka har inda gonaki suka ƙare. Aikin ya bi masa jiki. In ka gaishe shi ka ce lafiya lau, ba ya yarda, sai ya jawo ka ya ja fatar idonka ƙasa ya leƙa, ya ce, "Buɗe baki in gani." Har surukansa bai ƙyale ba. Yakan ce, "Dabba ba ta ƙarya, mai ita ke yi." Shayin farko kaɗai yake sha, mai ɗacin nan, ya ce na biyu da na uku na masu son hira ne. Faɗansa kamar ruwan bazara, ya zubo da ƙarfi ya ɗauke, sai ka ga ya miƙo maka goro kamar ba shi ba.

Da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na ce masa sikoloji zan karanta, ya ce, "Mi ke nan kuma?"

Na ce, "Ilimin halayyar ɗan Adam, Kawu."

Ya ce, "Ikon Allah! Halin mutum sai Allah, kai kuma lakwal za ta ba ka takarda a kai? Tahi, Allah shi ba da sa'a." Tun ranar ya raɗa mana suna masu leƙen kai.

Ina shekara ta biyu a jami'a taubashina ya dawo daga haƙar zinariya a arewa, ba yadda ya tafi ba. Ba ya barci, yana magana da waɗanda ba a gani. An yi rubutu, an yi turare, an yi ruƙiyya. Rannan da tsakar bazara ya fita ya nausa daji, sai wasu makiyaya suka tsince shi kusa da wata rijiya, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Daga nan Kawu ya kira maƙeri aka sa masa mari, aka ajiye shi a ɗakin baya. Kada wani ya ce mugunta ce. Tsoro ne, tsoron uban da aka kawo masa ɗansa a kan jaki leɓɓansa sun tsattsage. Kuma da yake ɗan fari ne, Kawu ko sunansa ba ya kamawa, ba ya cin abinci tare da shi, sai dai ya ce "wancan". Abin yana cin Kawu, al'ada ta hana shi nunawa.

A jami'a muna da amikal, wato ƙungiya, ta ɗaliban sashenmu. Abin da muke yi a cikinta babu malamin da zai ƙara maka ko rabin maki a kai, amma wallahi rabin abin da na sani can na koye shi. Asabar da yamma mu kalli fim mu yi ta gardama a kansa har muryoyi su dushe. Mu buga ƙwallo da 'yan sashen tarihi, kullum su lallasa mu, mu ce ai nazarin halayyar mai nasara muke yi. Mukan kai ziyara ɗakin masu taɓin hankali a gidan likita, da sabulu da karta, mu zauna mu yi wasa da su. Babban abin shi ne fitar bakansi, wato dogon hutu: kowace damina mu zaɓi gari guda mu je mu yi teyatur, wato wasan kwaikwayo, a fili, mu yi hira da iyalai. Teyatur ɗinmu ba irin na kallo a tashi ba ne. Ana tsakiyar wasa sai a tsaya, a juya ga 'yan kallo a ce, "To ku, da ku ne, mi za ku yi?"

Taubashina yana cikin marin nan aka zaɓi Dakoro, ni ne jagora. Shugabarmu wata 'yar Dosso ce, gajera, ba ta tsoron kowa, Hausarta duk Zabarmanci. Wasan da muka shirya kuwa na wani uba ne da ya ɗaure ɗansa. Tun kafin mu taso na gaya musu halin da gidan Kawu ke ciki, muka yarda ba za a yi wannan wasan a garinmu ba, za mu yi wani a kan samari da ƙwaya. Maza suka sauka a wani aji na lakwal, makarantar boko, mata a ɗakin matar Kawu, wadda muke ce wa Inna. Abinci duk daga gidan yake fitowa, kuma in muna ci a tsakar gida mukan ji motsin ƙarfe daga ɗakin baya, kowa ya sunkuyar da kai kan kwanonsa.

Kawu mutum ne mai bincike. Ya buɗe buhun kayan wasanmu, wai yana duba ko mun zo da abin da zai ja masa magana, sai ga marin kwali da muka shafa wa baƙin fenti, mun manta ba mu cire shi ba. Ya ɗaga shi ya jujjuya.

Ya ce, "'Yar Dosso, wanga na mi ne?"

Ni dai na so ƙasa ta tsage. Ita kuwa ta dube shi ta faɗa masa gaskiya duka, har da dalilin da ya sa muka fasa.

Ya ajiye marin kwalin. Sannan ya ce, "Wa ke yin uban?"

Muka nuna wani siririn yaro ɗan Gaya da ake manna wa gemun auduga. Kawu ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Wanga? Wanga bai san nauyin abin ba. Ku ba ni maganar in hardace."

Kafin la'asar labari ya kai ga ƙanensa, Kawu Ƙarami, wanda ke noma a wajen Korahane, ya zo kasuwa. Ya shigo ko zama bai yi ba. "Yaya, da gemunka hwari za ka shiga wasan yara? Ka tona asirin gida gaban 'yan kasuwa? Ɗiyanmu mata wa zai aura?" Kawu ya ce masa, "Asirin da duk unguwa ke jin ƙararshi in ya motsa ƙahwa?" Suka yi ta yi har sai da mahaifiyata ta shiga tsakani. Kawu Ƙarami ya kaɗa rigarsa ya fita, bai tsaya kallon ba.

Ranar kasuwa bayan la'asar muka kafa da'ira a filin gaban lakwal. Da Kawu ya fito da rawaninsa na gaske da sandarsa ta gaske, sai wurin ya ɗauki dariya da tafi, yara suna ihu. Aka fara. Wanda ke yin ɗan ya yi ta fizge-fizge, Kawu ya tsugunna ya ɗaura masa marin kwali.  Dariyar ta fara raguwa da kanta. Inda ya kamata ya ce "Na ɗaure shi don kada shi ji wa mutane ciwo", sai ya miƙe ya bar maganar da muka ba shi.

Ya ce, "Mutanen Dakoro, kun san ni, kun kuma san ba wasa nike ba. Nawa na gida, na ƙarhe ne. Yaran ga sun ce akwai magani a likita, in anka dage mutum na dawowa. Ni ban sani ba, ni shanu na sani. Amma in na kwance shi ya hito, ya yi muku sallama, wa zai amsa mishi? Shi nike tambaya. In gudu za ku yi kuna jan ɗiyanku, gara in bar shi inda shike."

Shugabarmu ita ce mai tambayar 'yan kallo, amma ranar ta bar wa Kawu filin. Can sai mahaucin unguwarmu ya ce daga baya, "Ni zan amsa. Shi zo rumhwata shi zauna." Wata tsohuwa mai ƙosai ta ce, "Ni na yi mishi wankan jego da uwarshi, ni zan guje shi?" Ba kowa ya yi magana ba, wasu ma sulalewa suka yi. Amma Kawu ya ji abin da ya isa.

Da safe maƙeri ya zo da kayan aikinsa. Taubashina ya miƙe ƙafa, wurin da ƙarfen ya zauna ya yi fari ya yi kanta. Da aka cire bai tashi ba, ya yi ta kallon ƙafar. Duk karatun ya gudu, sai bakina ya koma wasan taubasai ya ce, "Kai bawana, tashi ka ɗauko mini ruwa, ka huta ya isa." Inna ta dafe ƙirji. Shi kuwa ya ɗago ya ce, "Ɗan mace, yaushe bawa ya fara aiken ubangijinshi?" Kawu ya juya baya yana gyaran rawani, ya daɗe yana gyaransa.

Ba mu muka warkar da shi ba, mu ɗalibai ne, ko asfirin ba mu da ikon rubutawa. Abin da muka yi shi ne muka haɗa Kawu da lokotoro, wato babban likita, da ke duba masu irin wannan ciwo a Maradi, aka ɗora shi kan magani, daga baya aka mayar da allurarsa ta wata-wata nan likitar Dakoro. Ba a rana ɗaya ya dawo ba. Ciwon ya sha tashi, sau ɗaya har ya fasa wa Inna randa. Kawu Ƙarami ya aiko a ce wa Yaya ga abin da ya faɗa. Kawu ya sayi sabuwar randa. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ya ajiye kunyar ɗan fari gefe, ya fara cin tuwo kwano ɗaya da shi a bakin zaure, inda kowa zai gani. Tsofaffi suka yi ta surutu, ya ce, "Kunya ta ci shekarunta, yanzu tuwo muke ci."

Daga nan amikal ta mayar da Dakoro gida. Mu mun gama mun kama aiki, ƙannenmu suka ci gaba da zuwa, kuma Kawu ya zama ubansu ba tare da an naɗa shi ba. Shi ke samo musu amalanke zuwa ƙauyuka. Shi ke kai su rugage da bakin rijiyoyi ya yi musu tafinta da Fulatancinsa na allurar shanu. Ya hana su zuwa gidan mutane lokacin noma da safe, ya ce wanda ke da haki a gona ba ya da kunnen jin ɗan lakwal. In sun shirya zaman hira da iyalan marasa lafiya, yakan zauna can gefe da shayinsa, in ya ga wani uba ya kasa buɗe baki sai ya matsa kusa da shi ya ce, "Ni ma na ɗaure nawa." Shi ke nan, sai ka ji mutum ya fara magana. Kowane ɗalibi kuma kafin ya hau kar sai an ja masa fatar ido an leƙa. Wata yarinya da ya ce jininta ya yi ƙasa, ta je likita aka tarar haka ne, ya yi shekara yana fariya da ita.

Kawu da 'yan amikal sun taɓa ɓatawa, kuma ina nan. 'Yar Dosso ta dawo a matsayin mai rakiyar ƙanne, suka roƙi a bar taubashina ya tsaya gaban mutane bayan wasa ya ba da labarinsa. Kawu ya tashi kamar zai daki wani. "Ɗana za ku yi talla da shi? Kun mai da shi biri a hannun gardi? Ku kwashe kayanku ku bar mini gida!" Har ya fara jefa tabarminsu waje. Ita kuwa ko gezau, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, shi ka tambaye shi?" Taubashina yana zaune yana gyaran igiyar akuya, ya ce, "Ni ina so in faɗi. Na gaji ana faɗi a kaina." Kawu ya tsaya da tabarma a hannu. Bai ba kowa haƙuri ba, wannan ba halinsa ba ne. Ya dai shimfiɗa tabarmar inda ya ɗauke ta, ya ce wa Inna a yanka musu zabi. Daga baya ya ce mini, "'Yar banzar ga ta yi gaskiya. Ban tambaye shi ba." Ranar da taubashina ya yi maganar, Kawu bai iya tsayawa cikin fili ba, bayan wata bishiyar aduwa ya saurara.

Wannan shi ne mutumin da muka rasa. Ina rubuta wannan don 'yan amikal na yanzu da na gobe su san gidan wa suke sauka, su san kuma wanda ya buɗe musu ƙofofin da yau suke shiga da sallama kawai.

Bayan sadakar bakwai, baƙi sun watse, dangi suka taru a tsakar gida. Inna tana bakin ƙofarta cikin takaba. Kawu Ƙarami, wanda yanzu shi ne babba, ya yi gyaran murya. Ba mugu ba ne, na faɗa na ƙara, shi ya bi sawu cikin daji wancan karon da taubashina ya ɓata. Ya ce ya yi magana da wani malami a ƙauye mai riƙon irin waɗannan, ya kuma yi magana da maƙeri. Zuciyata ta tafasa, na ce, "Kawu, mutum yana shan maganinshi, yana kiwon awakinshi, mi ya yi?"

Ya ce, "Kai gobe kana Maradi. Uwarshi tsohuwa ce. Duk garin ga an ga yadda Yaya ke riƙe da damtsenshi gam in za su likita wurin allura, ko su tahi masallaci, ba ya sakin shi ko taki ɗaya. In shi da ya haihe shi bai yarda ya sake shi ba, wa ke da wanga ƙarhi yanzu? In ya sake nausa daji, wa za a tambaya?"

Ni ma na ga wannan riƙon da idona duk zuwan da na yi a 'yan shekarun nan.

Taubashina yana rakuɓe jikin rumbu, ba wanda ya tambaye shi. Ya ce, "Baba Ƙarami, ba riƙe ni shike ba. Ba ya gani. Tun bara waccan idonshi ya tahi, sai duhu-duhu. Ya ce in na faɗa wa wani bai yahe mini ba, ba ya son a riƙa ja mishi sanda. Ni ke gaya mishi ga rami, ga kabu-kabu, ga wane tahe ka gaishe shi."

Kowa ya juya ya kalli Inna. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta gyaɗa kai.

Kawu Ƙarami ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Yaya ya zo mini Korahane da kaka, ya zagaya gonata, ya ce hatsin ya yi kyau."

Taubashina ya ce, "Ni na ce mishi ya yi kyau."

Tsohon ya fashe da kukan da bai yi ba tun ranar rasuwar. Ba wanda ya hana shi. Da ya natsu ya share fuska da hular, ya ce, "Yaushe ne allurar taka?"

"Kasuwa mai zuwa."

"In na zo, ka jira ni mu tahi tare."

Maganar maƙeri ba a sake tayar da ita ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa faɗansa da zaginsa, ya haskaka masa kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa a gidan da ba a makancewa. Shi kuma wanda ya yi masa jagora, Allah ya bar shi cikin mutane. Amin.